Tema: Garin da Aka Zana a Takarda Kafin a Gina Shi

Idan ka bar Akra, babban birnin Gana, ka nufi gabas kamar kilomita 25, za ka fara cin karo da tireloli a jere, kowace da kwantena a bayanta. To, ka iso Tema ke nan.

A farkon shekarun 1950 ƙauyen masunta ne kawai a nan. Gwamnatin Kwame Nkrumah ce ta ga ƙasar na buƙatar babbar tashar jiragen ruwa kusa da Akra, sai aka tashi masuntan aka mayar da su Tema Manhean, aka buɗe tashar a 1962.

Daga nan abu ya kankama. Matatar mai ta fara aiki a 1963. A 1965 aka buɗe babbar hanyar da ta haɗa Tema da Akra. A 1967 kuma kamfanin VALCO ya soma narka alminiyam da wutar madatsar ruwa ta Akosombo.

Garin kansa a takarda aka fara zana shi, kuma cikin waɗanda suka tsara shi har da wani masanin tsara birane ɗan Girka, Doxiadis. Unguwannin ma lamba aka ba su: ta 1, ta 2, haka har gaba, kowace da makaranta da kasuwarta.

Sai dai gidajen ba su ishi jama'ar da suka kwararo neman aiki ba. Leburori da 'yan dako da direbobi suka tsallaka hanya suka yi sansani a Ashaiman. Yau gari ne guda, cike maƙil, har da zangonni inda Hausa ke tashi a kasuwa. A ganina, duk mai son fahimtar Tema sai ya tsaya a tashar motar Ashaiman da asuba, ya ga ma'aikata na rububin shiga mota, wani riƙe da hular kwano, wata da kwanon abinci ɗaure a ɗankwali. Guminsu ne ke juya injinan.

Kuma tashar jiragen ruwan Tema ba Gana kaɗai take ci da ita ba. Kayan 'yan kasuwar Burkina Faso da Mali da Nijar na sauka a nan, sannan su kama doguwar hanyar arewa.