Albashi da haraji: ina ribar mai ƙaramin shago a arewacin Kamaru?

Jama'a, mu ɗauki telan da ke da shago a Garwa, da keken ɗinki huɗu da ma'aikata uku. Kafin ya saka ko sisi a aljihunsa, nawa zai fitar a wata?

A watan Maris na 2023 gwamnati ta ɗaga mafi ƙarancin albashi. Da ma sefa 36,270 ne, sai ya koma 45,000 ga masu aikin gona, 60,000 ga sauran ma'aikatan masu zaman kansu. Kuma gaskiya ma'aikaci ya cancanta, don 60,000 ɗin ma da ƙyar take kai mai iyali ƙarshen wata.

To amma maigida ba 60,000 kaɗai yake biya ba. In ya yi wa yaronsa rajista a asusun CNPS, hukumar fansho da inshorar ma'aikata, akwai kashi 4.2 cikin 100 na albashin da zai zuba don fansho, kashi 7 na tallafin iyali, da aƙalla kashi 1.75 na haɗarin aiki. Wato kusan 7,800 a kan kowane mutum. Mutum uku, kuɗin sun haura 200,000, ko an yi ciniki ko an wuni ana hamma. Ɗinki kuwa kun san halinsa: gab da Sallah babu barci, bayan Sallah babu kowa.

Sai haraji. Daga 2025, wanda cinikinsa na shekara bai kai miliyan 50 ba yana biyan haraji guda da ake kira IGS. Haɗe harajin wuri ɗaya sauƙi ne, ba musu. Inda gizo ke saƙar shi ne, abin da ya shiga shagon ake dubawa, ba abin da ya rage bayan an cire kuɗin zare, haya da wuta ba. Mai sayar da buhunan shinkafa a Marwa na iya juya miliyoyi, ribarsa a buhu ba ta taka kara ta karya ba.

Ga kuma mai. Litar fetur da ke 630 ta koma 730 a 2023, sannan 840 a 2024. Zuwa-zuwa, wato fetur ɗin sumoga daga Najeriya da arewa ta dogara da shi, shi ma ya yi tsada tun da Najeriya ta cire tallafi, kuɗin dakon kaya ya bi sahu.

Shi ya sa yawancin masu shaguna ba sa rubuta kowa a takarda. Yaron shago ɗan ƙane ne ko ɗan maƙwabci, a ba shi na abinci kullum, ran da ya ƙware a sallame shi da keke ko ɗan jari. Tsarin yana rufa asiri, amma yaron ba ya tara komai na fansho, ga shi fanshon CNPS sai mutum ya kai shekara 60 da zubin wata 180. Tun 2014 wanda ba shi da maigida a takarda na iya yi wa kansa rajista, sai dai shi kaɗai zai riƙa zuba kason ma'aikaci da na maigida duka.