Ranar da Afirka take da ƙuri'a, me ta yi da ita?

Jama'a masu saurare a Damagaram da kewaye, barkanmu da war haka.

Duk shekara in watan Satumba ya kama, sai shugabannin Afirka su ɗunguma zuwa New York, kowa ya hau mumbari ya rera kuka iri ɗaya: a ba nahiyarmu kujerar dindindin a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya. Tun 2005 Tarayyar Afirka ta tsayar da maganar a taron Ezulwini, cewa kujeru biyu muke so, masu ikon hawa kujerar na ƙi. Haƙƙinmu ne, babu ja. Sai dai kunnuwanmu sun gaji, domin ranar da ƙuri'a ta zo hannunmu mun ga abin da aka yi da ita.

A ranar 10 ga Maris 2011 Tarayyar Afirka ta zauna a Addis Ababa ta ce ba ta yarda sojan waje ya sa hannu a rikicin Libiya ba, har ta naɗa shugabanni biyar su je sulhu. Mako ɗaya tak bayan haka aka kawo ƙuduri mai lamba 1973, na ba da izinin amfani da ƙarfin soja a Libiya, gaban Kwamitin Sulhu. Ƙuri'a tara ake bukata, ya samu goma. Rasha da Sin da Jamus da Indiya da Brazil sun ƙaurace. A cikin goman nan, uku namu ne: Najeriya, Afirka ta Kudu da Gabon. Ku lissafa da kanku. Da ukun nan sun tsaya kan matsayar ƙungiyarsu, da bakwai suka rage, da ƙudurin ya faɗi. Ba su tsaya ba! Kwana biyu sai jiragen yaƙi suka fara ruwan wuta.

Wa ya sha wahalar? Mu nan. 'Ya'yanmu na Tanut da Kance da Mirriya da suke cin rani a Libiya suka dawo ta Agadas hannu rabbana, gidajen da suke jiran aikensu suka shiga halin ni 'yasu. Makaman Gaddafi suka bazu cikin hamada, a 2012 arewacin Mali ya faɗi, kuma har gobe Sahel bai huta ba. Wannan ita ce ƙuri'ar Afirka a ranar da take da nauyi.

Me ya sa bakinmu ba ya zama ɗaya? Kuɗi. Kaso mai yawa na ayyukan Tarayyar Afirka, musamman na tsaro, da kuɗin Turawa ake yin sa. Ginin hedikwatar ma da aka buɗe a 2012, ƙasar Sin ce ta gina ta miƙa. Kowa ya ci ladan kuturu kuwa, dole ya yi masa aski. An ba mu kujera a G20, ƙungiyar ƙasashe masu ƙarfin tattalin arziki, a New Delhi cikin 2023, aka yi ta murna. Madalla. Amma wanda ba shi ya biya kuɗin tafiyarsa ba, da wane baki zai yi gardama a teburin?

Za ku ji masu cewa ai talauci ne, ba mu da hali. Wane talauci? Uranium na Arlit nan yake, man Agadem ga shi ana tacewa a matatar SORAZ a bayan garinmu. A Kigali cikin 2016 shugabannin nan da kansu suka amince da harajin kashi 0.2 cikin ɗari a kan kayan da ake shigowa da su, don ƙungiyar ta ciyar da kanta. Yawancinsu suka koma gida suka yi biris. Rashin niyya ne, a kira shi da sunansa.

Yanzu mu a Nijar an dakatar da mu daga Tarayyar Afirka tun Agusta 2023, mun bar CEDEAO, muna cikin AES, ƙawancen ƙasashen Sahel, tare da Mali da Burkina Faso. Ko AES za ta tsira daga wannan cuta, lokaci ne zai nuna. Ta sa harajin kashi 0.5 cikin ɗari a 2025 don ta riƙe kanta, kuma hanyar ke nan. To, a fito da lissafin a fili, a gaya wa talaka nawa ya shiga asusu, wace ƙasa ta zuba, wace ƙasa ta noƙe. Sannan in an je New York, Yamai da Bamako da Wagadugu su ɗaga hannu tare.