Amsoshin Tambayoyinku: Iskar ozon a biranen masana'antu

Jama'a masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙar farko daga wani direban tasi ce a Nyanya. Ya ce: "A makaranta an koya mana iskar ozon kariya ce daga zafin rana, yanzu kuma na ji wai tana lalata huhu a biranen masana'antu. Wanne zan ɗauka? Kuma raguwa take yi ko ƙaruwa?"

To Malam direba, duka biyun haka ne. Wadda ke can sama, kilomita 15 zuwa 35, ita ce garkuwar da ke tare hasken rana mai cutarwa. Wadda ke ƙasa inda muke shaƙa ita ce matsalar, kuma babu salansar da ke fitar da ita kai tsaye. Hayaƙin inji ne ke haɗuwa da tururin fetur da na fenti, rana ta dafa su. Shi ya sa ta fi yawa daga azahar zuwa la'asar, iska kuma kan kwashe ta zuwa gonakin bayan gari, ta rage yabanyar alkama da waken suya.

Batun raguwa kuwa, ya danganta da gari. Los Anjalas ta Amurka ta fara kuka da hazon hayaƙi mai ɗauke da ozon tun 1943. Bayan dokar tsabtace iska ta 1970, da matatar hayaƙi da aka fara sa wa motoci a 1975, abin ya sauka ƙwarai, ko da yake har yau garin na kan gaba a ƙasar wajen yawan ozon. Birnin Meziko ma ya samu sauƙi bayan rufe matatar mai ta cikin gari a 1991.

Na Chaina ne mai ban mamaki. Daga 2013 suka yaƙi baƙin hayaƙi, sama ta washe, sai ozon ta ƙaru. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne ƙurar da aka kawar tana shanye wasu sinadaran da ke haifar da ita. Ashe ganin sama fes ba shaida ba ce.

Mu nan Abuja kayan haɗin duk sun cika: cunkoson Mararaba zuwa AYA, janareto a kowane shago, ƙona daji da rani, ga zafin ranar watan Maris. Abin da ke ba ni takaici, Malam, shi ne matatar nan da ta ceci Los Anjalas ita ce makanikai ke kira indomi, ake ɓalle ta a sayar. In taka tana nan, don Allah ka bar ta.

Wata baiwar Allah daga Kubwa kuma ta ce ɗanta na da asma, ko takunkumi zai tare masa ozon? A'a Hajiya, na kyalle ƙura yake ragewa, ozon wucewa take. Ya yi ƙwallonsa da sassafe, maganin shaƙarsa na aljihu.