Hilux ɗinka ta cika dashbod da wuta? Auna batir kafin ka taɓa birenbos

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka, yau muna nan gareji a Gombe wajen Tumfure, ku yi haƙuri da ƙarar janareta. Kai yaro matso da wayar nan su ga dashbod ɗin.

Toh kun ga motar nan, Hilux ce ta wani Alhaji, jiya da safe ya tada ta zai wuce gona Dadin Kowa sai wutar ABS ta burki ta kama, ta cek injin ta kama, agogon rediyo ya koma baya, gilashi baya hawa da kansa, remot ma sai an danna sau uku. Ya kai wani wuri aka ce masa birenbos ne, wato kwamfutar motar, ya kawo kuɗi. Wallahi lafiyar birenbos ɗin nan ƙalau. Batir ne ya yi sanyi.

Abin da mutane basu gane ba, motar da da ta yanzu ba ɗaya bane. Tsohuwar akori-kura in batir ya mutu sai samari su tura ta, ta tashi ka kama gabanka. Waɗannan na yanzu kuwa, Hilux, Ranger, Navara, L200, cike suke da ƙananan kwamfutoci, injin da tasa, burki da tasa, giya da tata, kuma magana suke da juna ta waya. To lokacin da kikstata ke jan wuta in batir ɗin bashi da ƙarfi sai wutar ta faɗi ƙasa, wata kwamfutar ta ɗauke na ɗan lokaci, 'yar uwarta ta kira ta taji shiru, sai ta rubuta cewa akwai matsala ta kunna maka fitila. Motar zata tashi fa, shi yasa mai ita baya zargin batir, yace ai tana tashi.

Miƙo min mita, abin auna ƙarfin wuta. A sa ta kan DC 20, jan waya kan fulos, baƙi kan mainos, mota a kashe ta huta, in ta kwana ma ya fi. Cikakken batir volt 12.6 zai nuna. In kaga 12.2 rabi ne ya rage, 12.0 kuwa ya kusa ƙarewa, kar lambar 12 ɗin ta yaudare ka. Namu kun gani, 12.1. Yanzu murɗa makulli, ku kalli mitar... kun ga ta sauka 8 da wani abu? Bai kamata ta yi ƙasa da 9.6 ba lokacin tadawa. Da ta tashi kuma muna neman 13.8 zuwa 14.4, nan ne zaka san altanato, abin da ke cajin batir in mota na aiki, yana caji. Amma a kula, wasu sababbin motocin, kwamfuta ce ke juya cajin, zaka ga lamba na hawa tana sauka, ba lalacewa bace.

Ina roƙon 'yan uwana masu rewaya, don Allah a daina cire kan batir mota na aiki wai a gwada altanato. A Fijo 504 mun yi, ta wuce. A wannan kuwa wutar ce zata yi tsalle ta ƙona birenbos ɗin da gaske, kai da ka zo gyara ka jawo wa kanka biya.

Me ke kashe batir a garin nan? Zafi, malam. Zafin Maris da Afrilu ne ke cinye shi ta ciki yana ƙafar da ruwansa, sai hunturu ya shigo a Disamba, dizal na neman hita mai ɗumama injin da safe, mai yayi kauri, ranar ne zai ƙi tashi, sai a ɗora wa sanyi laifi. Sai gajeruwar tafiya, gida zuwa ofis minti biyar da esi da rediyo, bata mayar da abin da kikstata ta ja. A ɗan miƙa ta hanyar Kaltungo lokaci-lokaci.

Sai ɓarawon wuta. Tiraka mai nuna inda mota take, fitilun da ake ƙarawa a sama, sifika, duk wanda aka jona kai tsaye jikin batir. Cire mainos ka sa mita tsakanin wayar da kan batir, ka juya ta kan amf, ma'aunin wutar da ake ja, rufe ƙofofi, nisanta makulli, ka jira kamar minti 30 kwamfutocin su yi barci. Ya wuce miliamf 50 akwai mai sha, sai ka bi fiyus kana cirewa ɗaya-ɗaya har lambar ta faɗi, nan ɓarawon yake.

Duba kan batir ɗin nan ma, farin garin nan da ya taru, a wanke da ruwan ɗumi da garin bekin soda da burushi, a ɗaure tam, a duba wayar at, wato wayar mainos da ke ɗaure jikin bodi. In za a cire mainos ne farko, in za a mayar shi ne ƙarshe. Masu Ranger kuma akwai ɗan sensa a kan mainos ɗinku, in kun sa sabon batir a yi masa riset, in kuma za a jona muku wuta baƙar wayar a jikin bodi ake maƙala ta.

Kai ɗauko sifana 10, mu sauke wannan mu sa shi a caji mu gani ko zai riƙe.