Dattawan Masu Hoto a Leeds da Yadda Suke Karɓar Ɗan Koyo

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kallo, barkanmu da sake saduwa. Ina magana da ku ne daga birnin Leeds da ke arewacin Ingila, a bakin mashigar ruwan da aka kammala haƙawa a 1816 domin dakon kaya tsakanin wannan birni da Liverpool. Ƙarfe uku da rabi ne na yamma, amma kamar yadda kuke gani haske ya fara janyewa, domin a watan Disamba rana kan faɗi a nan tun kafin ƙarfe huɗu. Da yawa daga cikinku sun tambaye ni ko waɗanda suka daɗe a sana'ar ɗaukar hoto a ƙasar nan suna taimakon sabon shiga, ko kuwa kowa tasa ta fisshe shi. Wannan tambayar zan amsa yau, gwargwadon abin da na gani da idona.

A Ingila akwai tsohuwar al'ada ta ƙungiyoyin masu hoto, kuma kusan kowane gari mai ɗan girma yana da tasa. Ƙungiyar masu hoto ta Leeds an kafa ta ne a 1852, shekara guda kafin babbar ƙungiyar ƙasa da ake kira Royal Photographic Society, wadda ta fara a Landan a 1853. Ni wadda nake zuwa ƙarama ce, a wata unguwa da ke bayan gari, kuma tsarinta bai bambanta da na saura ba: ana haɗuwa da dare sau ɗaya a mako, daga Satumba zuwa wajen Afrilu ko Mayu, a wani zaure da ake haya, a tsakiyar zama kuma a tashi shan shayi. Mafi yawan 'yan ƙungiyar dattawa ne da suka yi ritaya, wasu tsofaffin malaman makaranta, wasu injiniyoyi, akwai kuma mata da dama. Abin da ya fi ba Bahaushe wahala a farkon zuwa shi ne a ce ya kira mutumin da ya girmi mahaifinsa da gundarin sunansa, babu Malam babu Baba, kuma idan ka ƙara masa wani laƙabi na girmamawa shi ne zai ji nauyi.

Kusan duk ɗan koyo tambayarsa ta farko guda ce: wace kyamara zan saya? Amsar da za a ba shi ita ke nuna irin mutumin da ya tambaya. Akwai waɗanda da zarar sun ji tambayar sai su buɗe jaka su fara jero kaya, wannan gilashin bakin kyamara na fam dubu biyu ne, wancan na ɗaukar tsuntsaye ne daga nesa, har yaro ya tashi yana ganin bai isa ya fara ba. Ba mugunta ce ke sa su haka ba, son kayan ne ya yi musu yawa, amma ɗan koyo ba ya ƙaruwa da komai. Nagartattun cikinsu kuwa tambaya suke mayar maka: me ke hannunka yanzu, kuma me kake so ka ɗauka? Idan ka ce wayar salula, sai su ce ci gaba da ita har sai ka iya faɗin abin da ta kasa yi maka. Idan kuɗin sayen kyamara sun samu, shawararsu ba ta cika wuce kyamara ta hannu ba, wato wadda wani ya taɓa amfani da ita, irin su Nikon D3500 ko takwarorinta na Canon, tare da gilashi mai tsawon milimita 50 da ke buɗewa zuwa f/1.8, wato ƙofar shigar haskensa na buɗewa da faɗi sosai, saboda yana da araha, yana aiki a wuri mai ƙarancin haske, kuma tun da ba ya jawo abu kusa, dole mai hoto ya taka da ƙafarsa. Suna kuma tunatar da mai saye ya duba adadin hotunan da kyamarar ta riga ta ɗauka kafin ya biya.

A ɓangaren sarrafa kyamara ba su da rowa ko kaɗan. Wani dattijo da ya yi aikin wankin hoto a ɗakin duhu tun yana saurayi shi ya zaunar da ni ya bayyana mini abubuwa uku da ke tantance hasken hoto: faɗin ƙofar da haske ke shiga, saurin ƙiftawar kyamara, da kuma ISO, wato lambar da ke nuna yadda kyamara ke saurin kama haske. Ya ce idan rana ta take, ka sa ƙofar a f/16, saurin ƙiftawa kuma ya yi daidai da lambar ISO, wato idan ISO 100 ne ka sa kusan 1/125 na daƙiƙa. Ya yi dariya ya ce wannan ƙa'ida ta fi amfani a ƙasarmu, domin a nan yankin Yorkshire sai a yi mako ba a ga irin wannan rana ba. Ya ƙara da cewa idan kana riƙe da kyamara a hannu da gilashin milimita 50, kada ƙiftawa ta yi jinkirin da ya wuce 1/60, in ba haka ba rawar hannu za ta sa hoton ya fito dishi-dishi. Irin wannan ilimi ana iya gwada shi nan take a ga gaskiyarsa, shi ya sa babu dalilin yin gardama a kansa.

Inda ake gane halin mutane sosai shi ne daren gasa. Kowa kan kawo hotonsa a wanke, a manne shi a kwali mai faɗin santimita 40 da tsawon 50, ko ya turo shi a haska a bango. Ana gayyato alƙali daga wata ƙungiyar, wanda bai san mai kowane hoto ba, ya tsaya gaban jama'a ya yi sharhi a kan kowane ɗaya na minti ɗaya ko biyu, sannan ya ba da maki, galibi cikin ashirin. Mai hoton yana zaune cikin mutane yana ji, ba shi da damar cewa uffan. Alƙali nagari yakan fara da abin da ya yi kyau, sannan ya nuna aibi da yatsa: sararin samaniya ya karkace, fitilar titi ta fito kamar ta tsiro daga kan mutumin, akwai wani farin abu a gefe da ke janye ido daga fuska, idon wanda aka ɗauka bai fito tar ba alhali kunnensa ya fito. Kowanne daga cikin waɗannan gyara ne da za ka iya komawa gida ka yi. Akwai kuma alƙalin da zai dubi hoto ya ce bai burge shi ba, ya ba da maki goma sha biyu ya wuce. Na ga matasan da irin wannan ya sa ba su sake dawowa ba, kuma ban ga laifinsu sosai ba, domin an rage musu ƙwarin gwiwa ba tare da an ƙara musu sani ba. Abin da na yaba wa dattawan ƙungiyarmu shi ne, a lokacin shayi wani daga cikinsu yakan nemi sabon da aka yi wa tsauri, ya ɗauko hoton, ya rufe gefensa da takarda ya nuna masa yadda zai kasance idan an rage shi. Mu da muka taso da karin maganar gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, bai kamata irin wannan ya yi mana ciwo ba.

Duk da haka, ba kowace shawara ce ake haɗiyewa ba tare da taunawa ba. Wata shawarar ta aiki ce, wata kuma ra'ayin mai bayarwa ce da tsawon shekaru ya mayar da shi kamar doka. Misali, za a yi ta gaya maka kada ka sa mutum a tsakiyar hoto, ka raba fili gida uku ka ajiye shi a kan layi ɗaya. Wannan ƙa'ida wani mai zane ne na Ingila, John Thomas Smith, ya rubuta ta a 1797, kafin ma a ƙirƙiro hoto, kuma tana taimakon mai farawa ƙwarai. Amma duk wanda ya ga hotunan situdiyo na Afirka ta Yamma, irin na Seydou Keïta na Bamako, ya san mutum yana iya zama daram a tsakiya, yana kallon kyamara ido cikin ido, hoton kuma ya fi ƙarfin duk wata ƙa'ida.

Babban wurin da ya kamata ɗan uwanmu ya yi hattara shi ne ɗaukar baƙar fata. Yawancin dattawan nan sun ƙare rayuwarsu suna ɗaukar tsaunuka, tsuntsaye da fararen fuskoki a ƙarƙashin gajimare, saboda haka idonsu bai saba da fuskarmu ba. Idan ka kawo hoton dattijo baƙi sanye da farar babbar riga, ba abin mamaki ba ne wani ya ce fuskar ta yi duhu, a ƙara mata haske a kwamfuta. Idan ka bi wannan ba tare da tunani ba, fatar za ta koma toka-toka, mutumin ya daina kama da kansa. Matsalar tana da tushe. Na'urar auna haske da ke cikin kyamara an gina ta ne ta ɗauka cewa duk abin da ke gabanta matsakaicin ruwan toka ne, don haka farar riga mai yawa takan ruɗe ta ta rage haske, fuska ta nutse. Tun zamanin fim ma, daga shekarun 1950, kamfanin Kodak yana raba wa ɗakunan wanki wani kati mai hoton farar mace, wanda ake kira katin Shirley, da shi ake daidaita launi. Wata mai bincike a jami'ar Concordia ta Kanada, Lorna Roth, ta nuna cewa koke-koken masu sayar da kayan katako da cakulan, waɗanda kayansu ba sa fitowa da kyau a talla, suna cikin abin da ya sa aka gyara fim ya riƙa nuna launuka masu duhu, kuma sai a tsakiyar shekarun 1990 aka fitar da kati mai mata masu launin fata daban-daban.

Wadda ta fi ba ni shawara mai amfani a kan wannan wata dattijuwa ce da ta yi shekaru tana hoton makarantu a Bradford, inda yara 'yan asalin Pakistan da Afirka suke da yawa. Ta ce baƙar fata ba yawan haske take buƙata ba, haske mai faɗi da laushi take so, domin sheƙin da ke kan goshi da kumatu shi ke fito da siffar fuskar. Ka kai mutum inuwa kusa da bakin ƙofa ko babbar taga, ka sa wani ya riƙe farin kwali daga ƙasa ya mayar da haske, ka ɗauka a tsarin RAW, wanda ke adana hoton yadda kyamara ta ɗauke shi ba tare da ta sarrafa shi ba, ka auna yadda aikin zaren da ke wuyan rigar ba zai ɓace cikin fari ba, kuma kada ka harba filasha kai tsaye a fuska. Sauran dattawan da ke wurin suka matso suna saurare, wani har yana rubutawa, kuma wannan ya ƙara musu daraja a idona.

Wasunku za su ce ai a gida ma maigida yana koya wa yaronsa. Haka ne, kuma hanyar ta fitar da manya. James Barnor, wanda aka haifa a Accra a 1929, a hannun ɗan uwansa ya koyi aiki kafin ya buɗe situdiyonsa mai suna Ever Young, ya zo Ingila a 1959 ya ƙara karatu a kwalejin zane ta Medway, daga baya ya koma Ghana ya kafa ɗakin wankin hoto mai launi. Bambancin da nake gani shi ne yaron situdiyo yana koyo ne a wajen mutumin da gobe zai yi gogayya da shi a kasuwa, don haka akwai abin da maigida kan jinkirta nunawa. Dattawan ƙungiyoyin nan kuwa fansho suke ci, ba su da abin ɓoyewa. Amma su ma akwai abin da ba za su iya koya maka ba, wato yadda ake yanke farashi, da yadda ake lallaɓa dangin amarya su tsaya a layi kafin haske ya tafi. Wanda ke son shaidar ƙwarewa zai iya neman matakan Royal Photographic Society, inda matakin farko ke buƙatar hotuna 10, na biyu 15, kuma suna shirya ranakun ba da shawara da mutum zai kai aikinsa a duba kafin ya miƙa shi.

Masu cin abinci da sana'ar, musamman masu hoton biki, sun fi kame baki, kuma abin da ke ɓata musu rai shi ne sabon da ya sayi kyamara jiya ya karɓi biki yau a kan kuɗi kaɗan. Wani zai ce hassada ce, kuma ba a rasa ta, amma gargaɗinsu yana da hujja, domin biki ba a maimaita shi. Abin da suke faɗa wa duk wanda ya je musu da ladabi shi ne ya fara bin wani a matsayin mai ɗauka na biyu, ya riƙe fitila, ya ga yadda ake tafiyar da yini guda. Kada ya karɓi aiki shi kaɗai sai yana da kyamara ta biyu a jaka, da batura a cike, kuma zai fi kyau babbar kyamarar ta kasance mai ɗaukar memori biyu, yadda kowane hoto zai sauka a wuri biyu lokaci guda. A rubuta yarjejeniya ko da da ɗan uwa ne, a nemi inshora saboda wasu zaurukan biki a nan ba sa barin mai hoto ya yi aiki sai ya nuna takardarta, kuma kada a goge memori sai hotunan sun kwana a wurare biyu daban. Bikin 'yan Najeriya da na bi wani a kansa a Manchester, abin da ya fara sa ni yi tun kafin baƙi su iso shi ne in daidaita agogon kyamarorinmu uku zuwa daƙiƙa guda, domin idan an zo tace hotuna su jeru bisa yadda abubuwa suka faru.