Sukur, garinmu na kan dutse

Assalamu alaikum. Shugaban taro, iyayena malamai, ƙannena ɗalibai, barkanmu da yamma. An ce in yi magana a kan garinmu, to ku yi mini afuwa idan na zaƙe, don ba a raba mutum da son gida.

Garin namu shi ne Sukur, mu kuma da harshenmu Sakun muke cewa. Yana ƙaramar hukumar Madagali a jihar Adamawa, can bisa duwatsun Mandara, dab da iyakar Kamaru. Tsayin wurin ya haura mita 1,000 daga saman teku. Mota ba ta kai ka. A gindin dutse za ka sauka, ka ɗaure takalminka, ka kama hanya da ƙafa. Wannan hanya ita ce abu na farko da nake so ku gani da idon zuci. Shimfiɗaɗɗun duwatsu ne aka jera su ɗaya bayan ɗaya, wani wuri kamar matakala, wani wuri kamar daɓe, tun daga ƙasa har ƙofar fada. Babu siminti, babu laka. Tsofaffinmu kan ce wasu ƙattai ne suka yi aikin. Ni dai da na girma na taɓa ɗaga dutse ɗaya na irin waɗanda aka jera, sai na daina yi wa masu wannan zance dariya.

In ka iso sama ka juya, numfashi na fita da kyar, sai ka ga gonaki hawa-hawa sun yi wa dutsen ɗamara. Kowane hawa an tokare shi da jerin duwatsu don kada ruwan damina ya tafi da ƙasa. A nan muke shuka dawa da gero da wake. Da kaka wurin ja ne da ruwan ƙasa, kukoki tsaye tsirara. Da damina kuwa hazo kan sauko har cikin gida, ka ji muryar maƙwabcinka ba ka ganinsa.

Yanzu ga abin da ya kawo ni. Mutanen kwari sun daɗe suna kallon mutanen dutse a matsayin waɗanda tsoro ya kora sama, suka maƙale can duniya ta wuce su. Ban yarda da wannan ba, kuma hujjata ƙarfe ne. Sukur gari ne na narka tama. Bayan an yi ruwa, mata kan bi rafuka su kwaso baƙin yashi mai nauyi, su wanke shi kamar mai rege shinkafa. Maza su tanadi gawayi. Murhun namu kuma daban yake: mai zuga a sama yake zama, iska ta biyo wani dogon bututun laka ta sauka tsakiyar wuta. Daga nan ake samun ƙarfen da maƙera za su mayar fartanya da gatari da lauje, ko su miƙar da shi sanda-sanda, a yi ciniki da shi, a biya sadaki da shi. Fatake daga ƙasar Borno da sauran wurare sukan zo saye. To ku gaya mini, wanda kasuwarsa ke ba manoman kwari fartanya, shi ne duniya ta wuce? Bajamushen nan matafiyi, Heinrich Barth, da ya ratsa yankin a 1851 kan hanyarsa ta zuwa Yola, bai hau dutsen ba, amma sai da ya rubuta labarin ƙarfin sarkin Sukur da ya ji a bakin mutane.

Sarkin namu Hidi ake ce masa. Fadarsa ma dutse ce kan dutse: katanga, ƙofofi, rumbuna, masussuka, har da turken shanu. Bari in tsaya a kan turken nan, don baƙi sun fi mamakinsa. Rami ne ake ginawa a jera masa duwatsu, a rufa masa jinka, a sa maraƙi ciki tun yana ƙarami. Nan za a riƙa kai masa ciyawa da ruwa, ba ya fita, har ya zama ƙaton sa. Takinsa kuma gona yake komawa. A kan dutse ba abin da ake zubarwa.

Wahala ta zo mana sau uku, kowace da kalarta. Ta farko ita ce hare-haren Hamman Yaji, mai sarautar Madagali, wanda ya riƙa kai farmaki kan mutanen dutse yana kama bayi. Ba ƙage ba ne: shi da kansa ya sa aka riƙa rubuta masa abin da yake yi daga 1912 zuwa 1927, shekarar da Turawan Ingila suka tuɓe shi, kuma sunan Sukur na cikin rubutun. Ta biyu ba ta zo da bindiga ba. Tsofaffin ƙarafan mota da na jirgin ƙasa ne suka cika kasuwanni da araha, maƙera suka koma kansu, murahunmu suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Ni a ganina wannan ta fi yi mana illa, don ita ce ta kashe kasuwar. Ta uku kun san ta: a 2014 'yan Boko Haram suka hau dutsen, suka ƙone gidaje da rumbuna, wutar ta taɓa har fada.

A tsakanin nan an yi abin farin ciki. Yankinmu ya taɓa zama ƙarƙashin Jamus, sannan Ingila, sai ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ta sa muka zama 'yan Najeriya. A 1999 kuma UNESCO ta sa Sukur cikin wuraren tarihi na duniya, wuri na farko a Najeriya da ya samu haka. Dajin Osun da ke Osogbo sai 2005 ya biyo baya. Mun yi murna, ba ƙarya. Sai dai takardar shaida ba ta ɗaga dutse. Duk shekara ruwa kan ture wani sashe na tokaren gona, kuma a da kafin shuka mai gona da 'ya'yansa sun mayar da shi. Yau 'ya'yan suna Mubi, suna Yola, suna Maiduguri, kamar yadda ni ma nake tsaye gabanku ina surutu. Wasu iyalan sun sauko gindin dutse don makaranta da asibiti, kuma wa zai ga laifinsu? Mai naƙuda da dare a kafaɗa ake saukowa da ita.

Zuwana na ƙarshe na tarar da gonar mahaifina hawa biyu sun zube. Na tuɓe riga na ce zan gyara. Wani kawuna ya zauna a inuwa yana kallona, na jera, ya ce in rushe; na sake jerawa, ya ce in rushe. Sai ya taso ya ɗauki dutse ɗaya, ya jujjuya shi a hannu, ya zaunar da shi, ya ce in taka in gani. Na taka, ko motsi bai yi ba.

Shugaban taro yana nuna mini agogo. Mai tambaya ya ɗaga hannu.