Ƙarar da ta tashe ni ƙarfe uku na dare a Sendai, ƙasar Japan

Jama'a salamu alaikum, ku yi haƙuri da idanun nan nawa, wallahi ban runtsa ba. Wajen ƙarfe uku na dare wayata ta fasa wata irin ƙara, kuma fa na kashe mata sauti kafin in kwanta, ban gama salati ba gado ya kama rawa. Girgizar ƙasa ce. ƴan mintuna kaɗan talabijin ta ce babu fargabar tsunami, wato ƙatuwar igiyar teku da girgizar ƙasa kan tayar ta afka wa gari, maƙwabta kowa ya koma barcinsa, ni kuwa ina zaune zuciya na dukan uku-uku ina cewa to su ya aka yi suka sani?

Na tambayi wani ɗan ajinmu da safe, ashe hukumar yanayi ta Japan cikin kamar minti 3 take fitar da gargaɗi. Na'urorin auna girgiza ne ke fara gaya musu inda ƙasa ta tsage da zurfin wurin da ƙarfinta, sai kwamfuta ta yi ƙiyasin ko teku zai taso. Amma abin da ya ɗaure min kai shi ne na ƙarƙashin ruwa, wai S-net, tashoshi 150 a kwance a ƙasan teku an haɗa su da waya mai tsawon sama da kilomita 5,000, aikinsu su ji nauyin ruwan da ke kansu ya ƙaru ko ya ragu. Don a tsakiyar teku igiyar ba ta da wani tsayi, jirgin ruwa ma zai haye ta bai sani ba, alhali tana gudun kilomita 800 a awa kamar jirgin sama. Amurkawa kuma nasu DART ake ce masa, na'urar ƙasa ta aika sauti zuwa wani tulu mai yawo a saman ruwa, shi kuma ya miƙa wa tauraron ɗan adam, santimita ɗaya tak suna ganewa. Kai, ilimi!

Sai dai ku ji ni da kyau, duk mai zuwa ƙasar nan, kar ka tsaya jiran lamba. Ranar 11 ga Maris 2011 da aka yi babbar girgizar ƙasa a nan, da farko an ce ƙarfin girgizar 7.9, ashe 9.0 ce, aka ce igiyar mita 6 za ta kai a nan Miyagi, jihar da Sendai take, a wasu wurare a gaɓar nan ruwa ya hau tudu kusan mita 40, mutum sama da 18,000 suka rasu ko suka ɓace. Bayan wannan ne ma aka shimfiɗa S-net ɗin.

Ni dai yau na sayo jakar gudu, yen 6,000, da tocila da ruwa a ciki, takalmina kuma a bakin ƙofa zai dinga kwana. Hajiya ta kira ɗazu tana cewa muryata ta canja, na ce mata mura ce.